Yadda Za Ka Rubuta Gajeren Labarinka na Farko

Masu yawan tambayata ta ina ake farawa, ga amsarku.

1. Ka riƙa yawo da ƙaramin littafin rubutu a aljihu.
2. Hau a daidaita sahu daga Kabuga zuwa Bata a Kano, ka kasa kunne ga hirar fasinjoji.
3. Zaɓi mutum ɗaya mai damuwa ɗaya. Misali, yaron shago a Kantin Kwari da kuɗin ubangidansa suka ɓace a hannunsa.
4. Fara daga lokacin da ya laluba aljihu ya ji wayam.

Hattara, nan ake yawan faɗuwa: kada ka cinye shafi biyu kan tarihin gidansu da tsawon hancinsa. Mai karatu zai gudu.

5. Bar kowa ya yi magana da bakinsa. Dattijon kasuwar Kurmi ba ya zance irin na ɗalibin Jami'ar Bayero (BUK).
6. Rubuta har ƙarshe, ban da gyara.
7. Ajiye shi kwana 3.
8. Karanta a bayyane, ka soke duk jimlar da ta sa harshenka tuntuɓe.
9. Duba ƙugiyar baƙaƙe, domin "baki" daban, "baƙi" daban.
10. Miƙa wa wanda ba ya jin kunyarka ya duba. Ba babarka ba dai!