Darasi na Bakwai: Yadda Hadari Ke Haɗuwa da Yadda Ake Auna Ruwan Sama

Ku ɗora ruwa a wuta, ku rufe tukunyar. In ya tafasa ku ɗaga murfin ku duba cikinsa. Za ku ga ruwa ya taru ɗigo-ɗigo, wani har yana gangarowa. Tururi ne ya tashi, ya tarar da murfi mai sanyi, ya koma ruwa. Haka abin yake a sararin sama. Rana ce wutar, teku da koguna da jiƙaƙƙiyar ƙasa su ne tukunyar, sanyin sama kuma shi ne murfin.

Iska mai ɗumi ba ta kai mai sanyi nauyi ba, don haka sama take yi, ɗauke da tururin da ido ba ya gani. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6. In iskar ta kai inda sanyi ya yi yawa, sai tururin ya manne wa ƙwayoyin ƙura da hayaƙi, ya zama 'yan mitsi-mitsin ɗigo. Tarinsu ne gajimare. Ba su da nauyin faɗowa, sai wajen miliyan ɗaya sun haɗu kafin a sami ɗigon ruwan sama guda. Shi ya sa wani lokaci sama ke rufewa wuni sur, amma ko yayyafi ba a samu ba.

Me ya bambanta Jos?

Jos tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200 daga saman teku, duwatsun Shere kuwa sun haura 1,700. Abin da ya sa mutumin Abuja ke neman fanka a daren da na Jos ke neman bargo ke nan. A damina, daga Afrilu zuwa Oktoba, iska mai laima na tasowa daga Tekun Atlantika ta kudu maso yamma. In ta ci karo da tudun, dole ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da abin da ta ɗauko. Jos na samun ruwa kusan milimita 1,400 a shekara, mafi yawa a Yuli da Agusta, lokacin marka.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu kuma iskar hunturu ce ke busowa daga Sahara ta arewa maso gabas. Ƙura gare ta jingim, amma babu laima, don haka hazo kawai take kawowa da tsagewar leɓe.

Hadarin da ya kamata a kula da shi shi ne wanda ke tasowa bayan azahar, yawanci daga gabas, kansa fari kamar tulin auduga, gindinsa baƙi ƙirin. Tsayinsa kan wuce kilomita 10, kuma can ƙololuwarsa ruwa daskarewa yake yi. Iskar da ke cikinsa tana riƙe ƙwayar ƙanƙara a sama, tana ƙara kauri, har ta fi ƙarfin iskar ta faɗo. A gari mai zafi takan narke a hanya. A tudu kuwa hanyar gajera ce, sai ta iso ta yayyaga ganyen masara da kabeji da tumatir.

In kun ga walƙiya, ku fara ƙirga daƙiƙa har ku ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ce tsakaninku da walƙiyar. In ƙirgar ba ta kai 30 ba, a bar gona a shiga ɗaki. Kada a fake a gindin bishiya ko kan dutse.

Ma'aunin ruwa na gida

Hukumar kula da yanayi ta Najeriya, wato NiMet, da ke Abuja tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, kuma yana da kyau a saurare shi a rediyo. Amma ruwan da ya sauka a Bukuru ba lalle ne ya kai Farin Gada ba. Wanda ya sauka a gonarku, ku ne za ku auna shi.

Ku sami gwangwani wanda bakinsa da gindinsa faɗinsu ɗaya, da siririn tsinke busasshe, da rula. Ku ɗora gwangwanin kan bulo a fili, ku tokare shi da duwatsu kada iska ta kifar da shi. Nisansa da gini ko bishiya ya ninka tsayinsu sau biyu. Kowace safiya a lokaci ɗaya, misali ƙarfe 7, ku tsoma tsinken har ƙasa, ku zaro, ku gwada inda ya jiƙe a jikin rula daga kan sifili. Ku rubuta milimita nawa ne tare da kwanan wata, sannan ku zubar da ruwan.

Kuskuren da aka fi yi shi ne amfani da bokiti. Bakinsa ya fi gindinsa faɗi, don haka lissafin kan haura gaskiya. Wasu kuma su ajiye kusa da indararo, ruwan rufi ya shiga. In aka bari sai rana ta take, wani ruwan ya riga ya ƙafe, lissafi ya ragu.

Milimita ɗaya na nufin lita ɗaya a kan fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Rufin kwano mai mita 10 da mita 8, in aka yi ruwan milimita 10, zai zubo da lita 800, wato duro huɗu masu cin lita 200.

Ga manomi kuwa, ruwan farko mayaudari ne. Sau da yawa yakan jiƙa saman ƙasa kawai, iri ya tsiro, sai ruwa ya ɗauke mako biyu, tsiron ya ƙone. Malaman gona kan ba da shawarar a jira sai an tara kusan milimita 20 cikin kwana uku, sannan a tona ƙasa a ga laima ta kai zurfin tafin hannu. Masu dankalin turawa a Bokkos da Mangu kuma su lura da kwanakin marka a jere, domin sanyi da laima ne ke tayar da cutar da ke baƙanta ganye.

Aikin gida: ku auna ruwa na kwana 7, ku haɗa jimilla, ku kawo aji mu gwada na unguwa da unguwa.