Yadda zaka gane Mucrospirifer mucronatus idan ya shigo hannunka

Duk wanda ya fara ganin wannan ɗan dutsen sai yace ai makankari ne ya sandare, wallahi ba shi bane, ko dangi basu haɗa ba. Wata halittar teku ce da ta rayu a zamanin Debon na tsakiya, wajen shekara miliyan 385 da suka wuce, kuma ta ƙare ƙurmus, burbushinta kawai ake tonowa yanzu a jihohin Niyok da Ohayo da Mishigan a Amurka, sai Arkona dake Ontariyo a Kanada.

Da farko wanke shi. Ruwa da tsohon buroshin haƙori sun isa, don Allah kar ka kusanto masa da ruwan khal ko lemon tsami wai don yayi fes, ɓawon kalsayit ne, wato sinadarin dake cikin dutsen farar ƙasa, tsami cinye shi yake.

Na biyu, kuma nan ne aikin yake, ka ɗora shi a tafin hannu ka ja layi da ido daga ɗan bakin nan na sama zuwa ƙasa ta tsakiya. In dama da hagu sun zo iri ɗaya sak, amma da ka juya shi ta gefe ka ga murfin nan biyu ɗaya yafi ɗaya girma, to birakiyofod ne, wato babban gidan halittun teku masu murafe biyu da shi wannan ya fito daga ciki. Shi makankari akasin haka yake, murafensa biyu ne suke kama da juna, amma kowane ɗaya a karkace yake. Wannan gwajin kaɗai ya raba gardama.

Sai ka duba mahaɗar murafen. Miƙaƙƙiya ce sambal, ita ce wuri mafi faɗi a jikinsa, ta zarce gefe da gefe ta ƙare da tsini kamar fukafukai, shiyasa masu tara shi suke kwatanta shi da malam-buɗe-littafi. Tsinin nan saurin karyewa gareshi, so in ka samu naka da gundulmin fiffike kar kayi mamaki, yawanci haka suke fitowa.

Yanzu rarrabe murafen. Wanda ke da kwari a tsakiya shine babba, kuma ƙarƙashin bakinsa akwai wata ƙofa mai kusurwa uku, delthyrium sunanta, mafitar jijiyar da irin waɗannan halittu ke kama ƙasan teku da ita. Ɗayan kuma tudu ne dashi daidai inda kwarin zai zauna. Gefe da gefensu layuka ne jere kamar kunyoyin gona, sun taso daga baki sun bazu, shafa da farce zaka ji su.

Cikinsa akwai wasu sufirin guda biyu murɗaɗɗu da suke riƙe da abin tace abincinsa, daga nan ma sunan rukuninsu, Spiriferida, ya samo asali, amma kar ka fasa don ka gani, sai dai in ka dace da wanda ya riga ya fashe.

Ƙarshe ka rubuta masa takarda: Brachiopoda, aji Rhynchonellata, rukuni Spiriferida, dangi Mucrospiriferidae. Wani masanin burbushin halittu, Conrad, ne ya fara bayyana shi a 1841, wani masanin kuma, Grabau, ya kafa jinsin Mucrospirifer a 1931. Ka ƙara da wurin da aka samo shi, don akwai ɗan uwansa thedfordensis a Ontariyo da suke mugun kama, sai dai wurin kaɗai ba zai raba maka su ba, tunda duk biyun ana samun su a can.