Yadda zaka tace surutun magoya baya a satin farko na kwallon kananan kwalejojin Amurka

Daga karshen watan Agusta zuwa farkon Satumba ake bude kakar kwallon Amurka ta makarantu, wato kwallon nan mai tsini biyu da ake runguma a ruga da ita kowa da hular kwano a kai. In ka fara bin kananan kwalejoji zaka ga a daren Asabar din farko magoya baya sun rabu biyu, wasu har sun fara lissafin kudin motar zuwa wasan karshe, wasu kuma a kori koci kawai suke cewa tun kafin yaran su cire takalmi. Toh ga yadda zaka saurari wannan hayaniyar ka tsinci na tsinta, in kuma kana so ka sa baki ka sa ba tare da an gane bako bane kai.

Ka fara da sanin matakin da makarantar take, dan rabin rigimar daga nan take tasowa. A karkashin NCAA, babbar hukumar wasannin kwalejojin Amurka, akwai manya da ake cewa FBS, su ne na talabijin, sai FCS a kasansu, sai rukuni na biyu da na uku da suke kira D2 da D3, sannan akwai wata hukumar daban mai suna NAIA. A D2 makaranta tana da tallafin karatu na 'yan wasa da bai wuce na mutum 36 ba, shi ake gutsuttsurawa a rabawa yara da yawa. A D3 kuwa babu tallafin wasa ko sisi, yaro yana buga kwallo ne dan yana so, ranar Litinin kuma yana aji kamar kowa. Saboda haka in kaga wani yana kuka wai an lallasa su da tazarar maki 40, kafin ka taya shi jimami ka duba waye ya lallasa su. Sau da yawa karamar makaranta da gangan take zuwa gidan wadda ta fita karfi a satin farko, a biya ta kudi ta sha duka ta dawo, kudin kuma su rike sashen wasanninta. Wanda ya san haka baya daga murya, sabon shiga ne yake ihu.

Amma fa akwai dalilin da yasa kowa yake zuwa da buri, kuma dalilin yana da rana, 1 ga Satumba 2007. Ranar Appalachian State, wadda a lokacin take FCS, ta je har gidan Michigan da ake lissafawa ta 5 a duk kasar, gaban mutum sama da 100,000, an biya ta dala 400,000 dan ta zo a dake ta, sai ita ta ci 34 da 32 bayan ta tare bugun karshe da Michigan zata ci wasan da shi. Dalibai a garin Boone na jihar Karolina ta Arewa suka shiga filinsu suka tumbuke karfen raga suka dauke shi a kafada har kofar gidan shugaban jami'ar. Tun daga nan duk mai goyon bayan karamar makaranta yana da wannan labarin a aljihu, kuma in ka ji an ambace shi ranar Juma'a kasan mutumin tsoron gobe yake ji. Abun da basu cika karasawa ba shi ne Appalachian din nan ba kanwar lasa bace, ita ta dauki kofin FCS a 2005 da 2006, ta sake dauka a 2007, kuma duk da haka sai da aka ci ta sau biyu a wannan kakar. Michigan da aka gama yiwa jana'iza a baki ta kare da nasara 9 rashin nasara 4.

Kar kuma ka dauka ina cewa satin farko karya ne gaba daya. A 2021 Montana ta FCS ta ci Washington ta FBS 13 da 7 a wasan budewa, magoya bayan Washington suka ce akwai matsala, kuma gaskiyarsu ne, kakar ta kare musu da nasara 4 kacal aka sallami kocin tun a Nuwamba. Wani lokacin mai ihun yana da gaskiya, aikinka shi ne ka gane wanne.

Hanyar ganewa a ganina ita ce ka saurari abun da mutum yake korafi a kai, ka manta da karfin muryarsa. Wanda yace alkalin wasa ya zalunce mu, wuce shi. Wanda yace yaran basu da zuciya, shima wuce shi, yaron da ba'a biyansa ya yini yana atisaye a zafin Agusta ba zuciya ya rasa ba. Wanda zaka tsaya ka karanta shi ne mai cewa manyan yaran nan biyar da suke tare wa kwatabak, wato mai jefa kwallo, uku sun gama makaranta bara, sababbin kuma an ture su sau kaza har aka kayar da shi. Wannan ya kalli wasa. Haka mai kirga sau nawa aka zubar da kwallo abokan gaba suka dauka, da yawan laifin da aka busa. Laifi da rudewar satin farko yawanci suna gyaruwa cikin sati biyu uku tunda makarantu basu da jerin wasannin share fage irin na kwararrun NFL, amma in layin gaba ne, wato yaran nan biyar, ake turewa kamar ba kowa a wajen toh wannan sai dai addu'a, ba'a kara wa yaro kiba da karfi a tsakiyar kaka.

Masu murna ma a tace su. In an ci 56 da 7 ka tambaya yaushe koci ya cire 'yan wasan farko, kuma nawa makarantar da aka ci ta ci bara. Mai yanke hukunci da wannan kamar manomin da ya auna damina da ruwan farko ne.

Sai lissafin da ya kamata ka rike a ka. A D3 wasa 10 ne kacal a kaka, shi yasa rashin nasara daya yake musu zafi haka, amma makarantun a kungiya-kungiya suke gasa, wasan farko yawanci da makarantar wata kungiya ake yinsa, kuma wanda ya zama zakaran kungiyarsa yana samun tikitin gasar karshe kai tsaye, gasar da tun 2024 ta koma makarantu 40 daga 32. Kenan wanda aka ci ranar budewa kofa bata rufe masa ba. Abun da rashin nasarar ya raunana masa shi ne damar shiga ta bayan fage in bai zama zakara ba. In ka fadi wannan a cikin masu kuka zaka ga an fara baka amsa da mutunci.

Ka kuma san da wa kake magana, dan ba duka ake auna su da mudu daya ba. Dan Mount Union ta garin Alliance a Ohayo, masu kofin kasa na D3 guda 13, in sun ci da tazarar maki 20 yana iya kwana yana mita. Haka 'yan Wisconsin-Whitewater masu 6, da North Central ta Ilinoi da ta dauka a 2019 da 2022 da 2024. Wata makarantar kuwa da ta shekara bata ci wasa ba in ta ci da maki daya sai an buga kararrawar makaranta. Dukansu gaskiya suke fada daga inda suke tsaye.

In zaka rubuta naka, dan Allah kar ka kama sunan yaro ka zage shi. Wannan ba Firimiya bace da dan wasa yake daukar miliyoyi bai san kana duniya ba, a nan masu karantawa iyayen yaran ne da kakanninsu da tsofaffin dalibai da mutanen gari, babu mamaki wadda zata baka amsa mahaifiyarsa ce. Soki tsarin koci in kana so, wannan halal ne a wajensu.

Batun kallo kuma, makarantu da yawa suna haska wasan a shafinsu na intanet, wasu kyauta wasu sai ka biya, kyamara daya ce wani lokacin kuma masu sharhin dalibai ne ko 'yan gari da basa boye bangarensu, kar ka dauki maganarsu a matsayin hukunci. Wasan karfe 1 na rana a Ohayo karfe 6 na yamma ne a Kano da Yamai, karfe 5 a Kumasi, yana cin kusan awa uku, kenan magariba da isha duk a ciki zasu same ka, ka tanadi data da caji.

Kuma in ka hadu da dan Cortland ko dan Ithaca na jihar New York yana daga kafada bayan an ci su a satin farko, ba rashin kishi bane, shi idonsa yana kan wasan da suke yi da juna a Nuwamba, wanda a 2019 ya tara mutum 45,161 a filin MetLife. Tambaye shi wa yake ganin zai ci wannan, yanzu zaka ji murya ta tashi.