Yadda za a bi sawun gobarar dajin Kanada daga Garwa idan akwai ɗan'uwa a can

A watan Yunin 2023, muna tsakiyar shuka a Garwa, sai hotunan wani gari da samansa ta yi jajir suka fara yawo a WhatsApp, ana cewa Kanada ta kama da wuta. Ƙanena yana aiki a wata masana'antar katako a arewacin lardin Kebek, kuma daga la'asar har asuba wayarsa ba ta shiga ba. Mahaifiyarmu a kan sallaya ta kwana. Da hantsi ya kira ya ce, "Yaya, lafiya lau nake, kwashe mu aka yi a bas, caji ya ƙare mini a hanya." Tun daga ranar na ɗaura niyyar koyon yadda ake bin wannan wuta daga nesa, domin 'ya'yanmu na Kamaru da Cadi da ke tafiya can karatu ko aiki sai ƙaruwa suke yi.

Kada a auna ta da wutar dajinmu, domin wannan kwatancen yana iya jefa baƙo cikin halaka. Tamu ta rani ce, wadda mafarauta da masu neman tohon ciyawa ke cinnawa daga Disamba zuwa Maris, kuma sau da yawa samari kan tare ta da ɗanyen ganye. Ta can tana tashi ne daga Mayu zuwa Satumba, daidai lokacin daminarmu, a cikin dajin itatuwa masu ganye kamar allura waɗanda ke cike da ƙaro mai saurin kamawa. Idan ta yi ƙarfi takan hau kan itatuwan ta riƙa tsallakawa daga wannan zuwa wancan, iska kuma ta kwashi tartsatsi ta jefa shi gaba da nisan kilomita ko fiye, har ya ƙetare kogi. Da yawa daga cikin manyan gobarar aradu ce ke tayar da su a inda babu hanyar mota, kuma wuta tana iya ci gaba da ci a cikin ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙarƙashin ƙasa duk tsawon sanyi, ta sake fitowa bayan ƙanƙara ta narke. A 2023 kaɗai ta cinye kimanin hekta miliyan 15, wato fiye da ninki biyu na faɗin Yankin Arewa namu baki ɗaya.

Bin sawun yana farawa ne da sanin ainihin sunan garin da ɗan'uwan yake da lardinsa, a rubuce. "Yana Kanada" ba adireshi ba ne, domin ƙasar ta ninka Kamaru kusan sau ashirin. Idan a Kebek yake, a buɗe shafin hukumar SOPFEU, wadda ke da alhakin kashe gobarar daji a lardin. Taswirarta da Faransanci take, abin da ya zo mana da sauƙi, kuma tana nuna matsayin kowace wuta: "hors contrôle" na nufin ta fi ƙarfin masu kashewa, "contenu" na nufin an tsayar da bazuwarta na ɗan lokaci, "maîtrisé" kuma an shawo kanta. Sauran larduna suna da nasu shafukan, cibiyar CIFFC da ke Winnipeg kuma tana tattara bayanin ƙasar duka.

Akwai kuma taswirar FIRMS ta hukumar NASA, wadda kyauta ce, tana nuna wuraren da tauraron ɗan'adam ya ga zafi a matsayin jajayen ɗigo. A nan ne na fi ganin mutane suna firgita a banza. Ɗigo ɗaya yana wakiltar fili mai faɗin kusan mita 375 ne da aka hango zafi a wani sashe nasa, kuma bayanin kan makara da kimanin sa'o'i uku, gajimare ko hayaƙi mai kauri kuma yana iya rufe wutar da ke ci sosai. Wanda yake so ya saba da ita ya duba kwarin Binuwai a watan Janairu, zai ga ƙasarmu ta yi ja kamar an watsa barkono, alhali muna zaune lafiya. Abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin ɗigon da garin, da kuma inda iska ta dosa, saboda wutar da ke nesa amma iska na kora ta zuwa gari ta fi ta kusa haɗari.

A yi hattara da hotunan da ake turowa. Tun Agustan 2023 kamfanin Meta ya toshe labaran kafofin jarida a Facebook da Instagram ga mazauna Kanada, don haka shafin ƙaramar hukumar garin da rediyon yankin su ne abin dogaro.

Shi kuwa wanda ke can, ya tabbatar wayarsa tana karɓar saƙon gaggawa na gwamnati, musamman idan daga gida ya tafi da ita. Sanarwar mataki biyu ce: ta farko tana cewa a shirya, ta biyu tana cewa a fita. Tun kafin ta farko ta zo ya kamata jaka ta kasance a bakin ƙofa, da fasfo da takardar izinin zama ko karatu, da magani, da ruwa da abincin kwana uku, da caja da ɗan kuɗi a hannu, ya kuma ɗauki hoton takardun ya turo mana gida. Mai mota kada ya bar tankinsa ya gaza rabi, marar mota kuma ya sanar da hukumar gari ko wurin aikinsa tun da wuri. Garuruwan arewacin Kanada da yawa babbar hanya ɗaya ce ke fita daga cikinsu. Haka aka kwashe mutum kusan 88,000 daga Fort McMurray a Mayun 2016, inda gine-gine kimanin 2,400 suka ƙone, haka kuma aka kwashe kusan 20,000 daga Yellowknife a Agustan 2023. Na san baƙo yakan ji tsoron rasa aiki ko barin kayan da ya sha wahala ya tara, amma idan umarnin fita ya zo, a ganina ko awa ɗaya bai kamata ya ƙara ba.

Hayaƙin ma yana kai wa inda wutar ba ta kai ba, kamar yadda na Kebek ya turnuƙe birnin Niyok a Yunin 2023. Mun saba da hazon hunturu, shi ya sa yaranmu kan raina shi, alhali ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, suna shiga can cikin huhu. Kanada tana da ma'aunin lafiyar iska da ake kira "Cote air santé", daga 1 zuwa 10 da abin da ya haura, kuma daga 7 haɗarin ya yi yawa. A irin wannan rana a rufe tagogi, a rage fita, idan fitar ta zama dole a sa takunkumin N95, domin rawani ko gyale ba ya tace irin wannan hayaƙi. Mai asma, da mai juna biyu, da yara da tsofaffi su ne suka fi shiga haɗari, kuma wanda numfashi ya yi masa wuya ko ƙirjinsa ya riƙe ya kira lambar gaggawa ta 911.

Mu da ke gida kuma mu tuna cewa a wannan lokaci Garwa tana gaban Kebek da awa biyar, tana gaban lardin Albata da awa bakwai. A ranar kwashe mutane, kiran bidiyo daga dangi goma yana cinye cajin da yake buƙata don jin sanarwa. A gidanmu yanzu ni kaɗai nake tuntuɓarsa idan wuta ta matso, da gajeren saƙo a rubuce, kuma ya ba ni lambar wani abokin aikinsa da sunan garin da za a kai su idan an kwashe su. Duk abin da ya amsa, ni nake zuwa ɗakin Inna in karanta mata.