Yadda za ka kalli ƙwallo a gidan kallo ka koma gida lafiya lau

Ni dai na haura shekara goma ina zuwa gidan kallo, kuma har gobe in babban wasa ne ko da wuta a gida can nake nufa, don wallahi ihun da jama'a ke kurmawa lokaci guda in ƙwallo ta taɓa raga ba abu ne da waya za ta ba ka ba. Sai dai ina yawan ganin sababbin zuwa suna shan wahalar da ba dole, wani ya makara, wani ya zauna inda bai dace ba, wani kuma bakinsa ne ya ja masa.

Fara da lokaci, don nan ake yawan rikicewa. Mu a Najeriya da Nijar agogonmu ba ya motsi, su kuwa Turawa sau biyu suke juya nasu a shekara, Lahadin ƙarshe ta Maris da Lahadin ƙarshe ta Oktoba. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu ɗaya da na Ingila, wasan Firimiya na Asabar da suke cewa ƙarfe 3 mu ma ƙarfe 3 ɗin ne. Da sun mayar da agogo baya sai ka ƙara awa guda, na 12:30 ya koma 1:30, na 3 ya koma 4, na 5:30 ya koma 6:30. Haka Kofin Zakarun Turai na daren Talata da Laraba, a Satumba da Oktoba ƙarfe 8 ake take shi, daga Nuwamba zuwa Maris sai 9, a Afrilu ya dawo 8. Kar ka ce ai ka saba, leƙa allon nan da mai gidan ke rubutawa da alli a bakin ƙofa tun da rana.

In ka san lokaci to ka san inda salla za ta faɗo. Wasan 6:30 na lokacin sanyi kusan kafaɗa da kafaɗa yake da magariba, yi sallarka tukuna, minti goman farko ba za su kashe ka ba. Ka zo da alwalarka, hutun rabin lokaci minti 15 ne kuma ya isa ka sallaci isha'i in masallaci na kusa, amma in sai lokacin za ka bi layin buta to an dawo ba kai.

Sai zaɓen gidan kansa. Abin da nake fara dubawa janareta ne, ba girman talabijin ba, saboda ba abin da ke ƙona rai kamar a ɗauke wuta ana shirin buga fenariti mai gida kuma ya tsaya jan igiya injin na tari. Duba fanka, duba ko ƙofa biyu ce, musamman in rufin kwano ne, don wasannin da suka fi daɗi a Zakarun Turai, na kusa da ƙarshe, a Afrilu da Mayu ake yin su, daidai lokacin da zafi ke gasa mutane a Kano da Sakkwato da Maiduguri. In talabijin uku ne suna nuna wasa uku, tambayi wanne za a sa wa murya kafin ka biya. Ka riƙe canjinka a hannu. In kuma damina ce aka haɗo hadari hoto ya fara tsinkewa, dan Allah kar ka hau mai gida da faɗa, tauraron dan'adam haka yake yi da ruwan sama, ba shi ya ja ba.

Wurin zama, bencin tsakiya ya fi. Na gaba wuyanka zai gaya maka gobe, na kusa da ƙofa kowa sai ya taka ka, ɓangaren janareta kuma hayaƙi. In kai dogo ne koma gefe ka taimaki na bayanka. Wayarka a aljihun gaba, hannunka a kai in an ci ƙwallo, wani abokina a irin wannan rungume-rungumen murnar aka zare masa tasa, sai da aka zauna ya lura. Kuma kar ka zama mutumin nan da ke duba sakamako a waya ya yi ihu an ci tun kafin hoto ya nuna, wannan ɓata wa mutane kuɗinsu ne kawai.

To yanzu ga babbar maganar, tsokana. Gidan kallo in ba tsokana ai lami ne, kuma mu ba baƙinta ba ne, Bakano da Bazazzagi suna yi, Bafillace da Babarbare suna yi, taubasai suna yi, an san iyakarta shi ya sa ba a jin haushi. Haka ya kamata ta ƙwallo ta zama. Ɗan Madrid zai tashi ya ce maka Kofin Zakarun Turai 15, ɗan Arsenal ya tuna maka kakar 2003/2004 da ba wanda ya doke su a lig, kai ma ka nemo taka ka mayar. Tsokani kulob, tsokani koci, tsokani ɗan wasan da ya zubar da ƙwallo shi da gola, amma da ka ambaci uwar mutum ko ubansa ko garinsu ko aƙidarsa ka fita daga wasa ka shiga wani abu daban, kuma na ga zumuncin shekaru ya mutu a kan haka, mutum biyu unguwa ɗaya layin salla ɗaya sun daina gaisawa saboda 'yan wasan da ko sunan unguwar ba su taɓa ji ba, abin yana min ciwo sosai. In wanda ke gefenka ya girme ka, ce masa Yaya ko Baba yau fa sai haƙuri, ya isa, zai yi dariya. In ka ga idon mutum ya yi ja ya daina mayar da magana, ƙyale shi.

Kuma kar ka yi saurin buɗe baki. A 2005 a Istanbul AC Milan ta je hutu da ci 3 da nema, Liverpool ta farke duka ta ɗauke Kofin Zakarun Turai a bugun fenariti. A 2017 PSG ta ci Barcelona 4 ba ko ɗaya a Faris, aka je Sifaniya Barcelona ta ba ta 6 da 1. Yanzu ga VAR ma, wato sake duba wasa a bidiyo, ka gama tsalle alƙalin wasa ya ce satar gida ce. Jira a busa tashi. Ranar da aka lallasa ku kuma kar ka kashe waya ka ɓuya, fito wurin mai shayi da safe ka karɓi rabonka, wanda ya iya shanyewa shi ake saurara ranar da tasa ta zo.

Caca kuwa ka nisance ta. Bayan haramcin da kowa ya sani, mafi yawan faɗan da na gani ya kai ga dambe ba son kulob ba ne, kuɗi ne mutum ya zuba suka tafi, sai ya huce a kan na kusa da shi. In ka ga wani na ta duba takarda yana zufa, matsa.

Wasan ƙarfe 9 sai wajen 11 ake tashi, in aka yi ƙarin lokaci da fenariti ya doshi 12, Adaidaita Sahu ta yi wuya, don haka na dare ka kalle shi a unguwarku kuma ku taho a ƙungiya. Yaro ɗan makaranta in ka gan shi a irin wannan lokacin ka tura shi gida, na ranar Asabar da yamma kuma in kana da hali biya wa wanda ke leƙe ta hujin kwano ya shigo ya zauna.

Ranar da Super Eagles ke wasa duk lissafin nan na canzawa, ba ɗan Chelsea ba ɗan Man U. Na tuna 2018 da Ahmed Musa ya zura wa Iceland biyu a Rasha, mutumin da muka kwana biyu ba ma shiri shi ya fara ɗaga ni sama. Irin wannan ranar ka zo da awa guda kafin a take, ka sayi ruwanka tun a waje, don in ka tashi daga bencin nan ba za ka dawo ka same shi ba.