Yadda Za Ka Gano Yawan Niyutiron a Cikin Atam

Atam shi ne ɓangare mafi ƙanƙanta na sinadari, kuma firoton da niyutiron ƙananan ƙwayoyi ne da ke cibiyarsa. Da farko, buɗe jadawalin sinadarai ka nemo alamar sinadarin. Mu ɗauki sodiyam, wato Na. Lambar atam ɗinsa 11 ce, ma'ana firoton 11 ne a cibiyarsa. Wannan lamba tamkar sunan yanka ce. Da zarar ta canza, sinadarin ya zama wani daban.

Na biyu, duba lambar nauyi, wadda ake rubutawa a sama ta gefen hagu na alamar. Ita ce jimillar firoton da niyutiron. Ta sodiyam 23 ce.

Sai ka ɗebe ƙarama daga babba: 23 − 11 = 12. Niyutiron 12 ke nan.

Inda ɗalibai suka fi yin tuntuɓe shi ne kulorin. A jadawali za ka ga 35.5, alhali babu rabin niyutiron. Wannan matsakaicin nauyi ne, domin kulorin iri biyu ne a cakuɗe, mai 35 da mai 37, kowannensu da firoton 17. Kada ka taɓa 35.5 ɗin nan. Lissafa kowanne daban: na farko niyutiron 18 gare shi, na biyu kuwa 20.