Yadda za ki kare fatarki lokacin gashin kansar mama

Idan aka fara miki gashi, wato maganin kansa da ake yi da hasken na'ura (radiotherapy), a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, Zariya, makon farko ba za ki ga wani canji ba, kuma a nan mata da yawa suke sakin jiki. Yawanci sai mako na 2 ko na 3 wurin yake fara ƙaiƙayi da bushewa, a baƙar fata kuwa duhu yake yi maimakon ja. Tun ranar farko ake fara kulawa.

Fara da wanka. Ruwa mai ɗan ɗumi, ba irin na jego ba, da sabulu marar ƙamshi. Ki wanke da tafin hannu, ban da soso, kuma kada ki cuɗe alamar da aka zana miki, da ita ake saita na'ura. Bayan wanka ki danna tawul mai laushi a hankali har wurin ya tsane, musamman ƙarƙashin mama da hammata, don nan gumi yake kwanciya, nan kuma fata ta fi saurin salewa.

Sai shafa mai marar turare, wanda ma'aikatan sashen suka amince da shi, a kullum. Da hunturu, yadda iskar Zariya take busar da fata, ki ƙara yawan shafawa.

Inda na fi jin tsoro shi ne masu zuwa dubiya. Kowa da maganinsa, kuma don ƙauna suke kawowa. Yaya, don Allah ki karɓa ki yi godiya, amma kada man zafi, man bilicin, humra ko garin magani su taɓa wurin. Haka tsumman ruwan zafi da ƙanƙara. Fatar da ake gasawa ba ta da ƙarfin gyara kanta kamar da, abin da ba ya damun ki a baya yanzu zai iya zame miki gyambo.

Ki sa riga ta auduga mai walawa, ki ajiye rigar mama mai ƙarfe, ki daina aske hammatar ɓangaren, ki rufe wurin daga rana.

Da zarar fata ta sale, ko tana fitar da ruwa, ko kin ji zazzaɓi, ki nuna wa nas ko likita a ranar, kada ki manna filasta da kanki. Bayan gashi na ƙarshe ma ki ci gaba da duk wannan, domin ƙunar takan ƙaru har mako 1 zuwa 2 kafin ta fara lafawa.